DS3231: Agogon na ƙwarai ne, allon da ya zo a kai ne sai an yi masa tiyata

Duk mai haɗa na'ura da Arduino, ɗan allon kwamfutar nan da ake rubuta wa shiri ya sarrafa na'ura, a ƙasar nan, ko ba jima ko ba daɗe sai ya nemi agogon da ba ya mantuwa in an ɗauke wuta. Arduino Uno ba ta san ƙarfe nawa ba. Abin da ta sani kawai shi ne tsawon lokacin da ta yi a kunne, wanda wani umarni na cikin shirinta mai suna millis() ke ƙirga mata, kuma da wuta ta ƙifta ƙidayar ta koma sifili. Ko ba a ɗauke wutar ba, bayan kwana 49 da 'yan awoyi lambar takan cika ta sake farawa daga tushe. Ni aikina a nan Kano haɗa ƙananan na'urori ne masu bin lokaci: ƙararrawar makaranta, abin kunna famfon bohal da kashe shi, da mai juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa. Kusan dukansu akwai ɗan shuɗin allon agogon nan na DS3231 a ciki, wanda aka buga wa ZS-042 a jiki. Tunda abokan sana'a na yawan tambayata ko ya cancanci kuɗinsa, bari in faɗi abin da na gani, har da batun takardunsa, don a nan ne mutane suka fi shan wuya.

A kan allon akwai IC biyu, wato 'yan baƙaƙen ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu. Babban shi ne agogon, DS3231, ƙirar kamfanin Maxim Integrated na Amurka, wanda Analog Devices ya saye a 2021. Ƙaramin kuwa ma'ajiya ce, AT24C32, mai ɗaukar bayit 4096. A baya akwai gidan batir mai kamar kwabo. Waya huɗu ke haɗa shi da Uno: wuta, ƙasa, sai wayoyin saƙo biyu na layin da ake kira I2C, SDA zuwa ƙafar A4, SCL zuwa A5. A ESP32 kuwa, wani allo irin Arduino mai WiFi, ƙafa ta 21 da ta 22. Yana karɓar wuta daga volt 2.3 zuwa 5.5, saboda haka ba ya tsangwamar kowa. Farashinsa yana bin dala, amma har yanzu bai kai kuɗin adaftar da za ka ba na'urar wuta da ita ba.

Abin da ya sa na bar DS1307, tsohon IC ɗin agogo wanda shi muka fara sani, zafin garinmu ne. Duk agogunan nan da ɗan kristal suke ƙirga lokaci, mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. An zaɓi lambar ne don in ka yi ta raba ta biyu har sau 15 za ka sauka a kan ɗaya cif, wato daƙiƙa guda. Matsalar ita ce irin wannan kristal an yanka shi ne ya yi daidai a wajen digiri 25. In zafi ya haura haka sai ya rage gudu, in sanyi ya sauka ƙasa da haka ma rage gudun yake yi. Ba ya ramawa. A digiri 45, wanda ba wani abin mamaki ba ne a cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a bangon ɗakin famfo a watan Afrilu, jinkirin ya haura daƙiƙa ɗaya a yini, ban da kuskuren da kristal ɗin ya fito da shi daga masana'anta. DS1307 kristal ɗinsa a waje yake, ba mai kula da shi. Kafin zangon karatu ya ƙare sai ka ji shugaban makaranta ya kira: "Injiniya, ƙararrawar nan taka fa ta daina tafiya da agogon mutane."

DS3231 ya haɗiye kristal ɗinsa a ciki, tare da ma'aunin zafi. Duk bayan daƙiƙa 64 yakan duba zafin wurin ya gyara gudun kristal ɗin. Takardar masana'anta ta yi alkawarin kuskuren ba zai wuce kashi 2 cikin miliyan ba tsakanin digiri 0 da 40, wato kusan minti ɗaya a shekara. In aka fita daga wannan iyaka, har zuwa digiri 85, kashi 3.5 ne cikin miliyan, ƙasa da minti biyu a shekara. Mu da bazararmu ke tsallake 40, lamba ta biyun ce tamu, kuma ta wadatar. Waɗanda na dasa, in na koma duba su na gwada da agogon waya, bambancin na daƙiƙoƙi ne. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Ƙorafina yana kan allon, kuma ba ƙarami ba ne. Waɗanda suka zana shi sun sa masa hanyar cajin batir: resista ɗaya mai lamba 201, wato ohm 200, da dayod ɗaya, daga layin wuta kai tsaye zuwa gidan batir. An yi haka ne don batir mai caji, LIR2032. Amma batirin da ke hannun mutane, wanda za ka samu a wajen kowane mai gyaran agogo ko mai sayar da kayan kwamfuta, CR2032 ne, kuma shi ba a cajinsa. In ka ba allon volt 5, bayan dayod ya ci rabonsa, fiye da volt 4 ke danna batirin da aka yi don volt 3. Ba ranar zai nuna ba. A hankali yake kumbura. Na buɗe wata na'urar famfo da aka kawo mini gyara, na tarar batirin ya yi tozo har ya ɗaga ƙarfen da ke riƙe shi, gefensa ya yi farin gari. Mai na'urar cewa ya yi agogon ne ya lalace, alhali agogon lafiyarsa ƙalau, batirin ne aka kashe masa. Ko LIR2032 ɗin ma ba gata aka yi masa ba, don iyakarsa volt 4.2 ne, kuma babu abin da ke tsayar da cajin in ya cika.

Gyaran ba ya cin minti biyu. Ka ɗora bakin ayan narka dalma mai zafi a kan resistar nan mai 201, wadda ke kusa da dayod, ka ture ta gefe. Shi ke nan, hanyar caji ta yanke, sauran allon bai san an yi ba. Wasu dayod ɗin suke cirewa, duk ɗaya ne. Daga nan CR2032 zai yi shekaru, don abin da agogon ke sha daga batir bai wuce microamp 3 ba. In da volt 3.3 kake ba allon, kamar a ESP32, haɗarin ya ragu sosai domin wutar da ta rage bayan dayod ba ta kai ta batirin ba, amma ni duk da haka cirewa nake yi. Gobe wani zai ɗauki allon ya kai shi kan Uno. Abin da ke ba ni haushi shi ne allon yana zuwa ne a 'yar leda, ba takarda, ba gargaɗi, mai shagon ma sau da yawa bai sani ba. Har ya haɗo maka da CR2032 a matsayin kyauta.

Kafin ka biya kuɗi, ka karanta rubutun da ke bayan IC ɗin, ko da kyamarar waya ce. In ka ga DS3231SN, shi ne mai kristal da na bayyana. In ka ga DS3231M, ƙaninsa ne, ba kristal a cikinsa, wani ɗan abin siliki ne ke kaɗawa, kuma alkawarinsa kashi 5 ne cikin miliyan. Ba jabu ba ne, kuma ya fi jure jijjiga, amma ba shi ne abin da tallar ta ce ba. Ga ƙararrawar makaranta ba za ka ji bambanci ba. Sai dai ƙafarsa ta SQW, mai fitar da bugun lantarki a jere, bugu ɗaya kawai take bayarwa a daƙiƙa, ba ta da sauran matakan gudu na 1,024 da 4,096 da 8,192 da SN ke da su.

Sai batun takardu. Takardar bayanai ta masana'anta, wadda ake saukewa kyauta, tana cikin mafi kyau da na karanta. Ba ta da tsawo, kuma akwai jadawali guda a cikinta da ya jera rajistocin agogon duka, wato guraben da yake ajiye lambobinsa, daga 00h zuwa 12h, kowace da ma'anar kowane bit, wato ɗan gurbin da ke ɗaukar 0 ko 1. Na buga wannan shafin na manna a bangon shago. Daga shi kaɗai za ka gane cewa lambobin a tsarin BCD suke, wato kowane adadi da gurbinsa. Minti 45 ana ajiye shi ne a matsayin 0x45, in ka karanto shi kai tsaye ka buga a allon nuni sai ka ga 69. Duk yaron da ya zo mini yana cewa agogonsa na nuna minti 69 ko daƙiƙa 89, na san bai juya BCD ba. Za ka kuma gane cewa rajistar awa tana ɗauke da bit na zaɓen awa 12 ko 24, rajistar wata kuma tana ɗauke da bit na ƙarni a samanta, shekara kuwa adadi biyu ne kacal, 00 zuwa 99. Lissafin shekara mai kwana 366 yana yi da kansa, kuma takardar ta faɗa ƙarara cewa lissafin ya tsaya a 2100.

Abin da takardar ta ce game da ranar mako shi ya fi burge ni, don gaskiya ta faɗa: rajistar tana ƙirga 1 zuwa 7, amma wace rana ce 1, wannan ya rage naka, muddin dai ka jera su bi da bi. Agogon bai san Juma'a ba. Mu kuwa a nan Juma'a ita ce ranar da jadawalin kowace makaranta ke canzawa, a tashi da wuri saboda masallaci. To lamba nawa ce Juma'a? A laburaren RTClib na kamfanin Adafruit, wato shiryayyun umarni na magana da agogon, wanda kusan kowa ke amfani da shi, dayOfTheWeek() yana fara ƙirga daga Lahadi a matsayin 0, Juma'a ta zama 5. A laburaren TimeLib, weekday() yana ba Lahadi 1, Juma'a ta zama 6. A harshen shiri na MicroPython Litinin ce 0, Juma'a ta zama 4. Kowannensu ya rubuta nasa a takardarsa, ba wanda ya ɓoye, amma babu wanda ya ce maka maƙwabcinsa ya saɓa masa. Mai kwafo rabin shiri daga nan rabi daga can, ƙararrawarsa za ta sallami yara da hantsi ranar Alhamis, ranar Juma'a kuma ta riƙe su har a tayar da huɗuba. An kawo mini irin wannan, kuma mai ita ya riga ya canza allo yana zaton agogon ne.

Ƙirgar watanni ma haka take. A RTClib Janairu 1 ne, kamar yadda kowa ke ƙirgawa. A tsarin struct tm na harshen C, wanda za ka ci karo da shi da zarar ka koma ESP32, Janairu 0 ne, Disamba 11, shekara kuma daga 1900 ake ƙirgo ta, har 2025 ta zama 125. Ranar wata kuwa a tsarin nan guda daga 1 take farawa. Sannan ga mafarin ƙidayar daƙiƙoƙi: unixtime() na RTClib daga 1 ga Janairu 1970 yake ƙirgowa, amma time.h na avr-libc da MicroPython a kan wasu alluna daga 2000 suke farawa. Tsakaninsu daƙiƙa 946,684,800 ne. In ka ga kwanan watanka ya yi tsallen shekara 30 gaba ko baya, kada ka taɓa waya ko ɗaya, wannan lambar ce ta ɓace maka.

RTClib kansa ina yaba masa. Misalansa suna aiki daga buɗewa, sunayen ayyukansa a fili suke, kuma ranar mako lissafa ta yake yi daga kwanan wata maimakon ya dogara da abin da ke cikin rajista, wanda hakan ya rufe ƙofar kuskure guda. Yana da TimeSpan na tara lokaci ko ɗebewa, don kada ka zauna kana lissafin kwanakin Fabrairu da hannu. Iyakarsa 2000 zuwa 2099, ya kuma faɗa. Inda nake so a ce an ja kunnen mai koyo da babbar murya shi ne layin saita agogo, wanda ke amfani da __DATE__ da __TIME__. Mutane suna ɗauka lokacin kwamfuta yake ɗaukowa a duk sa'ad da aka kunna. A'a. Lokacin da aka harhaɗa shirin ne ake dasawa a cikinsa, ya daskare a nan har abada. A misalin laburaren, layin yana cikin sharaɗin lostPower(), wato ba ya aiki sai agogon ya taɓa tsayawa. Amma mai gaggawa yakan fito da shi waje don ya saita agogo, ya manta bai mayar ba. A ƙasar da wuta ba ta yankewa zai yi watanni bai lura ba. A nan kuwa kafin la'asar an ɗauke an kawo, kowane dawowa kuma agogon ya koma ƙarfe goma da 'yan mintuna na ranar da aka loda shirin. Famfo ya tashi tsakar dare, tanki ya cika ya yi ta zuba.

Ko a cikin sharaɗin ma akwai abin lura. In batir ya mutu bayan shekara biyu, lostPower() zai ce e, shirin kuma zai saita agogon zuwa ranar da aka harhaɗa shi, shekara biyu baya, ya share alamar, na'ura ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Gara agogon da ya tsaya da wanda ke ƙarya da ƙarfin hali. Alamar nan bit ɗaya ce a rajista 0Fh, sunanta OSF, kuma ita ce kaɗai hanyar da agogon ke gaya maka kada ka yarda da shi. Ni a na'urorina, in ta tashi, rile, wato makunnin famfo ko ƙararrawa, ba ya motsi, allon nuni yana rubuta SAITA LOKACI, jar fitila tana ƙiftawa har sai mutum ya zo ya danna maɓallai. Shi ya sa nake sa wa kowace na'ura maɓallin saita lokaci, ko da uku ne. Mai gadin makaranta ba zai nemo kwamfuta ba.

Ƙararrawar cikinsa guda biyu ce, ta farko tana zuwa har daƙiƙa, ta biyu a minti ta tsaya. Suna da amfani ga na'urar da ke kan batir ko ƙaramar sola, wadda kake so ta yi barci agogon ya tashe ta. Abu biyu ke kayar da mutane a nan, kuma duka suna cikin takardar: ƙafar INT, wadda ƙararrawa ke fita ta kanta, da SQW ɗaya ce, sai ka kashe bugun kafin ƙararrawa ta samu hanya, sannan in ta buga sai ka share alamarta da clearAlarm(), in ba haka ba ƙafar tana nan a ƙasa, ba za ta sake tashe ka ba. Ga jadawali mai yawa irin na makaranta ba na amfani da su. Ina karanta lokaci ne a kai a kai, in mayar da shi mintunan da suka wuce tun sha biyun dare, in gwada da jadawali, in kuma ajiye mintin da na buga na ƙarshe don kada ta buga sau biyu. Famfo kuwa ba na tambayar ko ƙarfe shida ta yi daidai, ina tambayar ko muna tsakanin shida da bakwai. In wuta ta dawo shida da kwata, ruwa zai hau.

Ma'aunin zafinsa kada ka dogara da shi a injin ƙyanƙyasa. Yana nuna rubu'in digiri, sai ka ɗauka ƙwararre ne, amma takardar ta ce zai iya kaucewa da digiri 3 sama ko ƙasa, kuma zafin jikin IC ɗin yake aunawa. Ƙwan kaza kusan digiri 37 da rabi yake so, digiri 3 a nan asarar kiret ne. Don sanin ko akwatin na'urarka ya yi zafi da yawa dai, ya isa.

Agogon bai san yankin lokaci ba, abin da ka zuba masa shi yake riƙewa. A nan mun huta, domin Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk awa ɗaya muke gaba da UTC, lokacin da duniya ke awo da shi, kuma ba ma matsar da agogo da rani ko damina kamar Turai. Na'urar da ba za ta bar unguwa ba, lokacin gida nake zuba mata. Wadda za ta aika bayanai ta intanet kuwa UTC nake ajiyewa, in ƙara daƙiƙa 3,600 wajen nunawa. In kana saita shi daga intanet da ESP32, ka lura rubutun yankinmu a tsarin POSIX, wanda ESP32 ke bi, shi ne WAT-1, da alamar ɗebewa, duk da cewa gaba muke. Tsarin ne ya juya alamar. Wanda ya rubuta WAT+1 zai samu agogonsa awa biyu a baya. Kalandar Hijira kuma babu ita a ciki sam. Masu haɗa agogon masallaci sai su lissafa ta a shiri, su kuma bar maɓallin ƙara kwana ko rage shi, tunda ganin wata ake bi.

Adireshinsa a layin I2C 0x68 ne, kuma ba ya canzuwa. DS1307 ma nan yake, haka MPU6050 mai auna motsi, sai dai shi ana iya matsar da shi zuwa 0x69. Ma'ajiyar da ke kan allon tana 0x57, RTClib bai kula da ita ba, sai ka nemo mata laburare dabam ko ka rubuta da Wire, laburaren I2C na Arduino. A cikinta nake ajiye jadawalin ƙararrawa, don in Arduino ta ƙone a canza ta ba tare da an sake shigar da lokutan darasi ba.

Wanda na'urarsa ke da intanet kullum, ko mai son auna tazara kawai, kamar juya ƙwai duk bayan 'yan awoyi ba tare da damuwa da ƙarfe nawa ba, zai iya ajiye kuɗinsa. Ga sauranmu ina sayensa, kuma in na samu masu SN nakan ɗebi da dama. Gidan batirinsa ne ba shi da ƙwari: ƙarfen yakan saki, ƙurar hunturu kuma takan shiga tsakaninsa da batir. Kafin in rufe akwati nakan ɗan matse ƙarfen da tsinken hannu, in sa batir, in saita lokaci, in zare wutar na ɗan lokaci in mayar don in tabbatar ya riƙe. Sannan in auna batirin da mita alhali allon na kan wuta. In na ga ya haura volt 3.3, resistar nan ba ta fita da kyau ba, sai a koma kan ayan.